Lambatun Ƙarshe na Baba Diga

Ranar da baƙi suka hau tsauni kallon aikin gyaran fadama, ranar ce Baba Diga ya bar wandonsa a cikin taɓo. Shugabar aikin, wata doguwa mai hular kwano da kowa ke kira Injiniya, ta ce ya nuna musu yadda ake kafa turke a bakin rafi. Har ta gargaɗe shi ya bi ta kan katakon da aka shimfiɗa. Baba ya ce shi da ya busar da ƙasar nan da hannunsa, ba wanda zai koya masa inda zai taka. Ya ɗaga ƙafa da gadara, ya sauke, sai ga shi zuruf har ƙugu. Da igiya aka jawo shi, kamar tunkiyar da ta faɗa rijiya. Shi dai ya fito, amma takalmi da wando suka ce sun samu wurin zama. Baƙi suka juya baya, kafaɗunsu na rawa.

Kowa ya dara ban da shi. Wurin da ya nutse bakin gonarsa ne, ya kuma san abin da hakan ke nufi: ruwa ya iso.

Sunan Diga tun yana saurayi ya samo shi. A lokacin kwarin nan fadama ce fal, ciyawa ta fi mutum tsawo, kwaɗi ba sa barin kowa ya ji kiran ɗan'uwansa. Sai wani kamfani ya zo ya ce wannan ai asarar ƙasa ce da gidan sauro. Aka ɗauki majiya ƙarfi su haƙa lambatu miƙaƙƙu, ruwa ya tsiyaye a samu gona. Babu wanda ya kai shi haƙa. In ya ɗaga diga, ƙasa har haƙuri take ba shi. Da aiki ya ƙare aka yanka masa fili a tsakiyar inda ya busar, ya yi aure, matarsa ta dasa gwaiba da lemo a jere. Ita ce mai ban ruwa, shi ne mai ci da santi. Da ta rasu, sai ya koma gaida itatuwan kowace safiya, kamar surukansa.

To, ruwa ba ya manta wanda ya kore shi. Da can fadama ke shanye ruwan sama ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan har rani ya wuce. Da aka tsaga ta, sai damina ta riƙa gangarowa a guje, ja wur, ta ci gaɓa ta bar kwazazzabo. Rani na yi, rafin ya zama hanyar awaki. Rijiyoyin gangare suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, har da ta gidan 'yarsa, Auta.

Shi ya sa da masu gyara suka zo neman wanda ya san inda tsofaffin lambatun suke, aka nuna musu shi. Ya bi su yana toshe abin da ya haƙa: a kafa turaku, a jera duwatsu cikin ragar waya, a danne da laka, a dasa ciyawar ruwa a kai. Duk wanda aka toshe, ƙasa ta yi laushi a bayansa. Zalɓe ya dawo yana tsayuwarsa ta ƙafa ɗaya kamar mai jiran mota. Saura lambatu guda, babba, wanda ya kewaye gonar Baba yake kwashe mata ruwa. In aka bar shi, duk ruwan da aka tara ta nan zai sulale. In aka toshe, gwaiba da lemo sun zama na kwaɗi.

An ba shi wani fili a kan tudu a madadin gonar, wanda duwatsunsa sun fi ƙasarsa yawa. Ya je ya gani, ya dawo. Daga nan ciwon baya ya tashi. Da baya ya warke, shebur ya ɓace. Da aka ba shi sabo, sai ya ce ƙotar ba ta zauna masa a hannu ba. Injiniya ba ta matsa masa ba, ta ce damina dai ba ta jiran kowa.

Auta ce ta hauro wata safiya, goye da jaririya, wuyanta ya kumbura saboda ɗaukar jarka. Ta same shi a gindin lemo yana cire busassun ganye.

"Baba, an ce kai kaɗai ake jira."

"Wa ya ce? Masu ce-ce-ku-ce?"

"Kowa ma. A wajen ɗiban ruwa har kallona ake yi."

"Uwarki ce ta dasa waɗannan, kin sani."

"Na sani, Baba. Ita ce kuma ta yi ta goyona zuwa rafin nan wanki, lokacin yana da ruwa. Wannan ta bayana ba ta taɓa ganinsa yana gudu da rani ba."

Ta tsinki lemo ɗaya, ta juya shi a hannu, ta ajiye masa a gwiwa ta tafi.

Injiniya ta ce za ta turo samari su yi, don kada ya gani. Ya ce a'a, hannun da ya buɗe shi ne zai rufe. Shi kaɗai ya shiga lambatun, ya buga turakun, ya jera duwatsun, yana nishi yana tsaki. Aikin ya yi kyau, abin haushi. Ko ɗigo bai wuce ba.

Damina ta sauka. Ruwa ya kwanta a gonar shiru, ya hau gindin itatuwa. Ganyen gwaiba ya fara yin rawaya, na lemo ya bi baya. A gangare an ce guga ya fara taɓo danshi a rijiyar Auta, har mata suka yi guɗa. Baba bai sauka ya gani ba. Kullum yana kan wani dutse a bakin ruwan, da sandarsa, yana kallon itatuwan suna mutuwa a tsaye.

Nan maƙwabcinsa tela ya same shi, mutumin da ko a gidan makoki sai ya nemi wanda zai tsokana. Ya tsaya a bayansa, ya ƙare wa ruwan kallo, ya ce, "Baba, ni fa lissafin nan ya ɗaure mini kai. Ƙuruciyarka ka haƙa, tsufanka ka cike. To wai me ka yi ke nan a duniya?"

Baba bai ko waiwayo ba.

"Ni na yaga, ni na ɗinke. Kai da kake wuni a kan keken ɗinki, bakin nan naka ko kalmasa ka kasa yi masa."