Zuciyar Rago a Kasuwar Maigatari

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya daga Gagarawa, ni da Baba da ƙanwata, wadda ma'aikaciyar jinya ce. Alhamis ce, ranar da kasuwar Maigatari ke ci, kuma Baba ya dage sai ya je kara, wato kasuwar dabbobi, da ƙafarsa, don rabonsa da ita tun kwanciyar da ya yi bara.

Hankalina bai kwanta da tafiyar ba. Likita ya ce zuciyarsa ce ta yi rauni, shi kuwa Baba ya ce haki ne ke damunsa, babu ruwan zuciya, ya ajiye ƙwayoyinsa a aljihu ya ƙi sha.

A Gumel muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa kuma ya girma. Daga nan hanya sumul, gonakin riɗi dama da hagu, ga motocin awaki suna wuce mu kamar su ma suna da alƙawari.

Kara ta cika maƙil. Raƙuma, bijimai, dillalai na ciniki da naira da sefa a baki ɗaya. Ba mu yi nisa ba Baba ya tsaya yana haki, muka zaunar da shi a rumfar wani mahauci mutumin Sule Tankarkar. A gabanmu an rataye huhun rago da zuciyarsa, ba a raba su ba tukuna.

Ƙanwata ta roƙi aron su, ta durƙusa gaban Baba. Ta nuna masa jijiyar da ke kai jini daga zuciya zuwa huhu, inda yake sauke gurɓatacciyar iska ya ɗauki sabuwa, sannan ya dawo zuciya ta tura shi ko'ina a jiki.

"Baba, in zuciya ta gaza turawa, jini ya kan taru a baya, ruwa ya tsatso cikin huhu. Hakin nan naka daga nan yake."

Baba ya daɗe yana juya naman a hannunsa. Ya ce shekarunsa nawa yana yanka rago, bai taɓa tambayar abin da ya haɗa zuciya da huhu ba. Sai ya sa aka gasa mana zuciyar, ya aike ni in sayo fura da nono, ya ciro ƙwayarsa ya haɗiye ba wanda ya ce masa uffan.

Bai sayi ko akuya ba, amma ya taya raguna har dillalai suka gaji da shi.

Mun iso gida bayan la'asar. Na fahimci watanni muka yi muna yi wa Baba faɗa, babu wanda ya zauna ya nuna masa. Ina shiga soro na jiyo shi a ƙofar gida, yana tambayar maƙwabcinmu mai yawan tari ko ya taɓa zuwa an duba masa zuciya.