Sallama Uku a Bayan Muryata

Ni dai sana'ata karatu ce. Littattafan hikaya nake karantawa da murya, in ɗauka, in ɗora a intanet, mata su saurara suna wanke-wanke ko guga. Masu saurare suna jin muryar tas, sai su ɗauka wani ɗaki na musamman gare ni mai sanyi da gilasai. Ina! A cikin wadirob nake yi, a ɗakina, a Zaitawa.

Wanda bai taɓa ɗaukar murya a cikin birni ba bai san yawan ƙarar da muke kwana muke tashi a cikinta ba. Kunne ya saba, ya yafe. Makirufo kuwa ba ya yafiya. Injin markaɗen maƙwabta, zakaran da bai san lokaci ba, babur a lungu, tafasar tukunyar wani gida ma sai ka rantse ya jiyo. Katangarmu ɗaya da gidaje uku, in aka yi atishawa a ɗaya, mu ne masu cewa yarhamukallah.

Haka na yi ta dabaru. Na jingina tsohuwar katifa a jikin taga, na rataya barguna biyu a ƙofar wadirob, na bar atamfofina da lesukana a ciki don su shanye amon, na sa wa makirufo safar maigidan don kada iskar bakina ta riƙa dukansa. Fanka a kashe, ko da bazara ce. In na fito sai ka ce an tsamo ni daga rijiya. Lokacina kuma ƙayyadadde ne: daga sanda yara suka tafi makaranta, maigidan ya fita kasuwa, zuwa kiran sallar azahar. A tsakanin nan nake zura sakatar ƙofar da ta raba soro da tsakar gida, don matan unguwa ba su san wani abu wai shi aiki a ɗaka ba. A wurinsu in kina gida, to kina zaune ne.

Gwaggo yayar mahaifina ce, a hannunta na tashi a Dala. Ita ta yaye ni, ita ta kai ni ɗakin miji. Gwiwarta ta dama ta daɗe da gajiya, amma duk mako biyu sai ta hau adaidaita sahu zuwa bakin titi, ta tako lungunmu da ƙafa, tana dafa bango. Waya tana da ita, a ƙarƙashin filo take kwana take wuni. Kuma tana da ƙa'idar da duk dangi suka sani: sallama uku take yi, in ba a amsa ba ta juya. Ba ta buga ƙofa, wai buga ƙofa aikin masu kame ne. Tun ina ƙarama take ja mini kunne cewa yin sallama alheri ne, amsawa kuwa dole ce, ko da loma a bakinki.

Ranar da abin ya faru ina kan wani babi mai wuya, inda wata uwa take bankwana da ɗanta. Sau shida ina yi ina gogewa. Na farko jirgin sama ya wuce, na biyu mai gwangwan ya kafa kira a bayan taga, sauran kuma ni ce ban kama muryar ba, sai ta fito kamar mai karanta sanarwa. A na bakwai abin ya zo. Muryata ta ɗan karye daidai inda ake so, unguwa ta yi tsit kamar an roƙe ta. Ina tsakiyar shafi na ji a cikin hedifon da ke kunnena:

"Salamu alaikum."

Wallahi na ji. Ba zan ce wai-wai ba, don makirufon nan ya fi kunnena ji, ya kawo mini ita har cikin ka, da ɗan hakin da take yi in ta sha tafiya. Na tsaya. Na dubi abin da ya rage, bai fi rabin shafi ba. Na ce a raina, minti biyu ne, Gwaggo ba za ta narke ba. Na ci gaba.

Ta sake yi, da ɗan ƙarfi. Na ƙara matsawa kusa da makirufo don muryata ta danne tata. Ta uku ta zo a hankali, ta ja ƙarshenta kamar mai tambaya. Ni kuwa ina can ina kukan ƙarya a kan ɗan wata matar da ba ta taɓa wanzuwa ba.

Rabin shafin nan ya fi minti biyu, ashe. Da na gama na yaye barguna, na fito a guje ba ko ɗankwali, na zare sakata. Soro wayam. Sai wata baƙar leda a rataye a jikin ƙusa, daddawa ce da kuka da 'yar busasshiyar kuɓewa. Na zura hijabi na leƙa lungu har bakin titi, ko ƙurarta ban gani ba.

Abin da na yi bayan nan ya fi ba ni kunya. Na dawo, na zauna gaban kwamfuta, na saurari abin da na ɗauka. Ya yi kyau, kai, ban taɓa yin kamarsa ba. Sallamar farko ta faɗo daidai inda na yi shiru, na yanke ta cikin sauƙi, har da shirun nawa. Biyun ƙarshe suna ƙarƙashin maganata, na yi ta rage su, ina gogewa, har suka ɓace. Da la'asar na ɗora babin. Mata suka yi ta turo saƙo, wai na sa su hawaye, wai Allah ya ƙara basira. Ina karantawa, ledar Gwaggo tana kan tabarma a gabana, ban iya kwance ta ba.

Washegari na shirya na tafi Dala. A hanya na tsara gaskiyar da zan faɗa, tiryan-tiryan. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta.

"Gwaggo, jiya ashe kin zo."

"Na zo, 'yar nan. Na ga ƙofa a rufe ta ciki, na ce ko barci ya ɗauke ki."

Ta ɗago ta dube ni, ba fushi ko kaɗan a fuskarta. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Nan take gaskiyar da na taho da ita ta maƙale, bakina ya kama wata hanyar. Na ce aiki nake yi, akwai wani abu da nake sa wa a kunne, in na sa shi ko ganga aka buga ba na ji. Kuma da yake mai ƙarya ba ya sanin inda zai tsaya, na ƙara da bayani: wai na'urar ce mai tsananin ji, ko tari aka yi a soro sai ya shiga ya ɓata aikin, sai an sake daga farko, shi ya sa nake rufe ƙofa.

Gwaggo ta ajiye farantin.

"Ikon Allah. Ke ba kya ji, ita tana ji?"

"Haka ne, Gwaggo."

"Ai na sani. Da kin ji da kin amsa. Ni na raine ki."

Ta zuba mini dambu, ta tsare ni sai na cinye. Na koma gida ina cewa zan gaya mata wani zuwan, in hankali ya kwanta. Na kuma yi wa kaina alkawarin daina sa sakata, na cika kwana huɗu, a na biyar maƙwabciya ta faɗo mini aron rariya ina tsakiyar babi, na mayar da sakatata.

Bayan mako biyu, wata Laraba, na yi aikina lafiya lau tun hantsi, ban ji motsin kowa ba. Da aka kira azahar na fito ina fifita da gefen zani, na zare sakata don iska ta shigo. Gwaggo na gani zaune a kan dakalin soro. Ta miƙe ƙafar nan mai ciwo, ta cire takalmanta ta riƙe a cinya, gumi ya jiƙa mata mayafi har kafaɗa. Carbinta yana naɗe a hannu, ba ta ja.

"Innalillahi! Gwaggo, tun yaushe?"

Ta ɗora yatsa a leɓe, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Kin gama?"

"Na gama. Tun yaushe kike nan?"

"Ba a jima ba, tun wajen ƙarfe goma ne. Takalman ne na ji suna ƙara, na cire tun daga ƙofa. Carbin ma ƙas-ƙas yake yi."

"Haba Gwaggo, ai da kin yi sallama!"

"Na yi mana, ni zan shiga gidan mutane ba sallama? A hankali na yi, yadda ba za ta kai ba." Ta leƙa bayana wajen ɗakin, da damuwa sosai a idonta. "Ba ta dai shiga ba ko? Ban ɓata miki ba?"

Na durƙusa na karɓi takalman daga hannunta, na kasa ɗaga kai.

"Ba ta shiga ba, Gwaggo."

"To alhamdu lillahi," in ji ta. "Kama ni in tashi, ƙafar ta yi tsami."