Gwaggo da Tef ɗin Ɗinkinta

Gwaggona tela ce, kuma ta shekara goma sha biyu tana wasan jifan dalma. Ranar zaɓen waɗanda za su je gasar nahiya, ta yi jifanta, mai awo ya ce da saura. Wani jami'i ya ce, "Mama, shekaru sun ja, ki koma kan kekenki."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta zaro tef ɗin ɗinki daga jaka, ta durƙusa cikin rana tana auna nisan jifan, tana shimfiɗawa tana ɗagawa, har sau goma sha ɗaya. Jifan ya zarce nisan da ake nema da yatsu huɗu.

Ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa. "Ɗana, ni da awo nake cin abinci. Rubuta sunana."