Bayarabena na Talin

Tun da na dawo daga Talin, samarin Sabon Birni ke tare ni a bakin kasuwa suna neman shawarar tafiya, sai ka ce ni na gina garin. Ni da boko aji biyu muka yi, shi ma da kora muka rabu. To, za ni faɗa muku abin da na gani da ido guda, don guda ke aiki a lokacin.

Talin birni ne a bakin teku, can ƙasar Istoniya, inda ɗana ke aikin kwamfuta. Bayan 'yan bindiga sun tashe mu daga Gatawa, ina zaman ɗakin aro a Sabon Birni, sai yanar ido ta rufe mini na hagu. Yaron ya ce in taho a cire.

Ku fara da takalmi mai kaushin ƙasa. Ƙanƙarar titinsu ta kayar da ni gaban wata tsohuwa, ta kewaye ni ta wuce kamar ta ga buhun gero. Nama kuwa, in ba ku karanta jikin leda ba, ku ci kifi, don alade har cikin abin da ba ku zato yake. Kada ku gaida kowa. Na ɗaga wa maƙwabcinmu hannu a matakalar bene, ya waiga ya ga ko da wani nake.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ke kashe baƙo a can shiru ne. Ɗana ya fita da duhu, ya dawo da duhu, kuma ba mai magana ba ne, halin uwarsa ya ɗauko. Ni da a Gatawa har jaki nake tsokana in ban sami mutum ba, sai ga ni a taga ina kallon tsuntsayen teku, harshena na tsatsa.

Ran wata Juma'a, ina laluben takalmina a masallaci, sai na ji Hausa a bayana.

"Baba, wannan tsagar Gobir ce, ko mage ta yage ka?"

Na juya. Wani baƙin mutum ne mai tumbi, furfura ta fara taɓa shi. Bayarabe ne, haifaffen Gusau, inda uwarsa ke sayar da kwanoni. Wallahi sai da ido mai lafiyar ya kawo ruwa. Bagobiri da Bayarabe abokan wasa ne tun kaka da kakanni, zagi tsakaninmu gaisuwa ne.

Na ce, "Bawana! Wa ya kwance ka har ka iso nan? Ɗauko mini takalmi."

Ya ɗauko, ya ce, "Ga shi, mai gona a waya."

Daga ranar shi ke kai ni asibiti, shi ne tafinta. Cikin jirgin da ke bin titi, inda Turawa ke zaune kamar masu zaman makoki, ni in ce manja ya toshe mishi ƙwaƙwalwa, shi ya ce fura ta sa Gobirawa barcin da aka sace musu shanu. Na fi jin daɗin zaginsa da maganin likita.

Wata rana a hanya ya gaya mini, ba da dariya ba, cewa injiniya ya karanta, amma aikinsa a gidan tsofaffi ne. Shi ke yi musu wanka, shi ke share musu kashi. Matarsa Baturiya ta sani. Ɗiyarsu budurwa kuwa ta ɗauka magani yake rabawa. Na ce Allah ya rufa asiri, na adana maganar kamar yadda ake adana iri.

Ya gayyace ni cin abinci gidansa. Ya yi amala da hannunsa, ya turo mini kwano yana cewa, "Ci, Bagobiri, yau ka huta da dawa." Matar da ɗiyar suna dariyar yadda muke, ko da ba su ji. Dariyar ta hau mini kai. Na ga Hausa ba ta isa gare su, sai na yi da hannu. Na nuna shi, na duƙa, na goge bayan kujera kamar mai share gindin tsoho, na toshe hanci, na ture kwanon. Wasan ya yi kyau, ban taɓa yin mai kyansa ba. Ɗiyar ba ta nemi tafinta ba. Ta dubi uban, ta dubi hannuwansa, ta ajiye cokali.

Uban ya ce a hankali, "Baba, ni dai in na gama share kashin, ina da gidan komawa. Kai wa ke kwana a ɗakinka na Gatawa?"

Har yau amsar nake nema.

Na ɗauka ya gudu ke nan. Ina! Ranar aikin ido sai ga shi da sassafe. Ya rusuna har ƙasa.

"Ina kwana, Alhaji. An tashi lafiya?"

"Bawana, ka sha barkonon safe?"

"Allah ya ƙara lafiya, Alhaji."

Ya riƙe mini hannu a kan ƙanƙara. Ya ba ni kujera a jirgi, shi ya tsaya. Na taɓo manja, na taɓo tumbinsa, na taɓo kwanonin uwarsa, ya ce, "Haka ne, Alhaji." Duk abin da likita ta faɗa ya juya mini shi daidai, bai ƙara ko gishiri ba. Da aka kwance mini ido, abin da na fara gani tangaran shi ne fuskarsa, cike da ladabi irin wanda ake yi wa surukin da ba a so.

Na ƙara wata biyu a garin ina jiran likita ta sallame ni. Kowace Juma'a yakan gaishe ni a ƙofar masallaci, ya tambayi ido, ya tambayi mutanen gida. Har na baro Talin bai sake zagina ba.