Ba Lawali ne ya sha ba

Da safen nan ina ɗaura kaya a babur zan tafi Ɗan Barto aka kira ni: Lawali ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Zazzaɓin kwana uku, shi ke nan.

Mun kai shi makwancinsa kafin azahar. A hanyar dawowa na ji wani dattijo a bayana yana cewa, "Mutumin kirki ne, Allah dai ya yafe masa wancan abin." Na duba waya, sai ga wani ya rubuta sunan da aka laƙaba masa a ƙarƙashin hotonsa: Lawali Kwalba. Shaidar da garinmu Matameye ta raka shi da ita ke nan, ni kuwa na san ƙarya ce.

Tun muna 'yan makaranta a lakwal muke tare. Benci ɗaya, kuma ko bulala ce tare ake mana. In ya sayi rake sai ya ba ni gindin, wai shi haƙoransa ba sa son zaƙi da yawa. Ƙarya yake yi, na sani, amma ban taɓa mayar masa ba.

Shekara tara ke nan da muka tafi cin rani Abuja. Muka samu aikin kicin a wani gidan abinci na masu kuɗi. A bayan gidan akwai manyan tukwanen ƙarfe inda ogan yake dafa giyarsa da kansa, da wani ganye mai ɗaci da ake kawo masa daga Turai. Wannan shekarar ya ce zai gwada ta da barkono. Barkonon kuwa na garinmu ne. Alhaji, mahaifin yarinyar da aka sa mana rana, shi yake kai masa buhunan.

Lawali ko kusa da tukwanen ba ya zuwa. Ni ne mai shegen son ganin ƙwaƙwaf.

Wata rana bayan la'asar aka bar kwalba buɗe a kan tebur. Ba wanda ya tilasta ni, ba kuma kuskure na yi ba. Na ce bari in ji yadda barkonon gida ya koma a hannun waɗannan mutanen. Na tsiyaya a kofi na kurɓa.

Ƙamshinta kamar ɓawon lemu. Ɗacinta ya fi na sabara. Har na fara cewa ina barkonon, sai ya shaƙe ni a maƙogwaro. Tari, hawaye, majina, ba abin da bai zubo ba.

Lawali ya fizge kofin daga hannuna ya ce, "Kai, Mamman, ka haukace ne?"

Bai rufe baki ba Alhaji ya turo ƙofar baya, ana biye da shi da buhu. Ya ga kwalba, ya ga kofi a hannun Lawali. Ni kuma ya ga ina tari, ya ɗauka yajin kicin ne, har ya ce mini sannu.

Lawali ya dube ni. Ni na dubi ƙasa.

Kafin damina labari ya riga mu zuwa gida. Shi ne ladan a masallacin unguwarmu duk lokacin da yake gari. Ba wanda ya kore shi da baki. Ya zo wata rana ya tarar wani ya riga ya kira salla, washegari ma haka, sai ya gane. Ni kuwa aka ɗaura mini aure, Lawali ne ma ya yi ta ɗawainiyar tabarmi da goro.

Tun daga nan ban sake sakewa ba. In Alhaji ya yabe ni gaban mutane, ji nake kamar an ɗora mini buhun gero. In na yi niyyar magana sai in tuna matata da yarana. Kullum gobe.

Makon jiya na same shi a tasha inda yake saida rake. Na ce, "Lawali, na gaji. Zan je in faɗa wa Alhaji."

Ya yi dariya yana fere rake. "Yanzu kuma? Ni na saba da sunan, har waiwayawa nake in an kira. Kai da ko barkono bai bar ka ka tsaya da ƙafarka ba, ina za ka iya da bakin mutane?"

Na yi dariya ni ma. Wallahi daɗi na ji da ya hana ni, wannan ne abin da ya fi ci mini rai yau.

To ga shi na faɗa. Ni Mamman na sha. Lawali ƙwace kofin ya yi. Alhaji, ka yi haƙuri, duk hukuncin da ka yanke na ɗauka. Wanda ya rubuta sunan nan kuma, don Allah ya goge.

Ya Allah ka gafarta wa Lawali, ka yalwata kabarinsa, ka rufa masa asiri fiye da yadda ya rufa mini. Duk wanda ya karanta, ya taimaka ya yi masa addu'a.

Ni ma ku sa ni a ciki. Rubutu a waya ba wuya. Inna, mahaifiyarsa, ba ta karatu. Ta taɓa tare ni a zaure ta ce, "Ɗana, kai kana wurin, da gaske ne?" na ce mata ban sani ba. Tana can cikin gida ana mata gaisuwa, ni kuma tun ɗazu ina zaune a kan babur a ƙofar gidan, na kasa sauka. Ku roƙa mini Allah ya ba ni ƙarfin shiga.