Dawar da Labarai Suka Girbe

A ra'ayina, duk wanda ya zauna rubuta tarihin aikin jarida a Afirka ta Yamma bai ambaci dawar wani tsoho na ƙauyen da na fara koyarwa ba, to ya sake zama, aikinsa bai kammala ba. Na karanta littattafai da dama a kan yadda labari ke tashi da yadda yake karkacewa a hanya, amma babu wanda ya koya mini abin da dawar nan ta koya mini. Na manta sunayen ɗalibaina da yawa, wani lokaci ma nakan nemi tabarau alhali yana kan hancina, amma wannan al'amari yana nan daram, kuma da shi za a kai ni kushewa.

A shekarar da aka ba mu mulkin kai ne. Ina saurayi, sabon fitowa daga makarantar horon malamai, aka turo ni koyarwa a wani ƙauye da ke bayan Kaoje, dab da iyakar ƙasar da yanzu ake kira Benin. A lokacin Dahome ake ce mata a takarda, mutanen gari kuwa ƙasar Faransa kawai suke cewa. Iyakar ba wani abu ba ce da ido ke gani. Akwai wani dogon dutse a gefen hanya da kowa ya yarda Turawa ne suka kafa shi, shi ke nan. Mata na wuce shi da tallan nono, Fulani na wuce shi da shanu, ba mai ko kallonsa.

Akwatin rediyo ɗaya ne a garin, na maigari. Yana zaune a zaure na ciki, an lulluɓe shi da zane kamar amarya, an ɗaura wayarsa a kan ɗorawar ƙofar gida. Batirinsa ya kai tubali girma, kuma sai an aika birni ake samun wani, don haka ba a kunna shi sai bayan la'asar, a ji labarai, a kashe. Labaran Hausa gajeru ne, kuma dattawa na ƙorafin wai Hausar mutanen gabas ce, suna haɗiye rabin magana. Na Turanci sun fi tsawo. Saboda haka aka tsara cewa ni zan riƙa shiga zaure in saurara tare da maigari, in rubuta a ɗan littafina, sannan in fito gindin ɗorawa in faɗa wa jama'a abin da duniya ke ciki.

Makonnin farko ko kirari ba na buƙata. Mutane har kan katanga. Amma sabon abu ba ya daɗewa yana sabo. Na lura in na ce kwamiti ya zauna, ko minista ya buɗe rijiya, sai in ga ana karkaɗe buzu ana tashi ɗaya bayan ɗaya. In kuwa na ce jirgi ya nutse ko an yi tarzoma a wata ƙasa mai nisa, har mai tallan ƙosai sai ta sauke tirenta. Ba wanda ya ce mini in canja komai. Idon jama'a ne ya riƙa gyara mini labari, ni kuma na riƙa bi. Na fara da zaɓen abin da zan faɗa, daga nan na koma sa gishiri kaɗan. Ban taɓa ɗaukar hakan ƙarya ba. A zuciyata sunansa iya magana.

Wata rana, saura kamar mako uku a yi bikin mulkin kai, mai karanta labarai ya ce gwamnati na duba yiwuwar kafa ofisoshi a kan iyakoki nan gaba, da tsara takardun tafiya ga masu ƙetarewa. Jimla ɗaya ce tak, tsakanin labarin tutoci da na farashin gyaɗa. Na rubuta ta daidai a littafina. Da na fito, sai na tarar mutanen ba su taka kara sun karya ba, su ma rabinsu hira suke yi a kan wata saniya. Na dubi "duba yiwuwar", na dubi "nan gaba", na ga ba za su iya kayar da saniyar nan ba. Sai na gyara murya na ce, "Jama'a, ranar ɗaya ga Oktoba za a rufe iyaka. Ba mai ƙetarewa sai da takarda mai hoto."

Kafin in rufe littafi jama'a sun cika har bakin masallaci. A duk garin nan ni kaɗai na taɓa tsayawa gaban mai ɗaukar hoto. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai.

Washegari da hantsi, ina tsakiyar darasin lissafi, sai ga maƙwabcina a bakin taga. Dattijo ne mai iyali goma sha ɗaya, Baba nake ce masa, kuma daga gidansa ake kawo mini fura tun ranar da na sauka garin. Gonar hatsinsa ɗaya ce, ta gado, tana can bayan dogon dutsen nan. Dawar da ke cikinta ita ce abincin gidansa na shekara.

Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, zancen jiya. Da kunnenka kaj ji?"

Na ce, "Da kunnena, Baba."

"To shi mai hwaɗin, da idonai yag gani, ko shi ma hwaɗa mai anka yi?"

Na yi murmushin mai ilimi na ce, "Baba, daga Ikko fa ake magana."

Ya sosa gemu. Sannan ya ce, "Abin da ad damuna, su mutanen can sun amshi nasu mulkin tun watan jiya, kuma shekaranjiya na tahi gona na komo, ko akuya ba ta tare ni ba."

Wannan ita ce tambaya mafi kyau da aka taɓa yi mini a rayuwata ta koyarwa, kuma ƙofa ce a buɗe da zan iya fita ta cikinta da mutuncina. Littafin yana cikin aljihuna. Amma yara talatin sun ajiye allo suna kallona, ni kuwa ban shirya zama malamin da ya yi kuskure ba. Na ce, "Faransa daban, Ingilishi daban. Wanda Ingilishi ya rena ba ya wasa da takarda."

Ya ce, "To, ku kunka yi karatu." Ya tafi.

Dawarsa a lokacin ta fid da kai, ta yi kyau har ana zancenta, amma in ka matse ƙwayar farin ruwa ne ke fitowa. Tana bukatar wata guda ko fiye kafin ta ƙosa. Na ji daga baya cewa uwargidansa ta hana shi, ta ce ita ba ta taɓa ganin akwatin nan ya zo gona ba balle ya san lokacin girbi. Ya ce mata rabin rumbu a gida ya fi cikakken rumbu a ƙasar da ba a shiga. Kwana huɗu kafin bikin ya kwashi iyalinsa kaf suka shiga gonar da lauje. Ina tsaye a ƙofar makaranta ina koya wa yara maci sa'ad da jakinsa ya riƙa wucewa da dammunan dawa kore shar. Duk wucewa sai ya ɗaga mini hannu, irin gaisuwar da ake yi wa wanda ya cece ka.

Ranar ta zo. Aka ɗaga tuta, yara suka yi maci, aka ci shinkafa da kifi, maigari ya yi jawabi. Da azahar na saci jiki na tafi wajen dogon dutsen, ina addu'ar in tarar da ko ɗan doka ɗaya ne, ko da barci yake yi. Na tarar da wata Bafulatana ta jingina ƙwaryarta da dutsen tana gyara ɗankwali. Ta tambaye ni ko zan sayi nono.

Dawar Baba ta bushe ta motse. Wadda aka tara a ƙasa ta yi fumfuna. Da aka sussuka aka sheƙe, ƙaiƙayi ya fi tsaba. Maƙwabtansa na gona, waɗanda lalaci ko taurin kai ya hana su bin maganata, suka yi girbin da ba su taɓa yin irinsa ba.

Sai da na yi mako biyu ina zagaye ta bayan gari don kada mu haɗu da Baba, kuma duk kwanakin nan furar ba ta fasa zuwa ba. Ita ce ta gagare ni haɗiya. Na ɗauki littafin na same shi a ƙofar gida yana gyaran igiya, na durƙusa na karanta masa jimlar kamar yadda take, na fassara ta kalma bayan kalma.

Ya ce, "Sake karanta wurin nan."

"Duba yiwuwar, Baba. Nan gaba."

"To ina ka kai su rannan?"

"Na ga ba su da daɗin ji ne."

Ya ci gaba da murɗa igiyarsa. Can ya ce, "Ashe su ne abincin ɗiyana." Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sannan ya ce, "Ɗana, ba ni hana ka aikinka, muna son jin duniya. Amma in za ka hwaɗa muna, ka kasa shi kashi ukku kamar mai tumatur. Wanga akwati yac ce, wanga ni nac ce, wanga kuwa daga ni har akwatin ba mu sani ba. Mu za mu zaɓi wanda muka ɗauka."

Da la'asar na tsaya gindin ɗorawa na janye maganata. Ranar da na rufe iyaka, gari ne ya taru. Ranar da na buɗe ta, mutum bakwai ne, ɗaya kuma kurma. Maigari ya sa kowane magidanci ya kai wa Baba dami guda bayan sallar Juma'a, ni kuma na yi hutun makaranta a 'yar fadamar Baba ina ban ruwan albasa har tafin hannuna ya sale. Duk da haka hatsin bai kai su damina ba. Kafin ruwa ya sauka sai da ya sayar da jakin nan.

Yanzu jikokina kowa da akwatinsa a tafin hannu, kuma kowa ya zama malamin gindin ɗorawa. Sukan shigo da gudu su ce an rufe kaza, an kama wane, an turo a waya. Sai in ce su kasa mini shi kashi uku. Yawanci kashi na farko ba ya cika cokali. Abin da na koya ke nan: labari ba kasafai yake lalacewa a hannun maƙaryaci ba, ya fi lalacewa a hannun mai son a saurare shi, kuma 'yan kalmomin da ba su da daɗin ji, irin su "wataƙila" da "ana zaton", su ne ke riƙe da rumbun wani. Wanda ya zubar da su ba shi ne zai kwana da yunwa ba.

Shekaru bayan haka, Baba ya riga ya rasu, ma'aikatan safiyo suka zo da taswira da kayan awo don a kafa ofishin iyakar. Suka ce dogon dutsen nan dutse ne kawai, ba wanda ya kafa shi. Iyakar tana can gaba da wani rafi, bayan gonakin. Gonar Baba a cikin Nijeriya take tun asali.