Ƙunshin Milunka

Shekara talatin da huɗu Shefki ya yi yana jan bas daga Prizren zuwa Nish, Sofiya da Bukares. Ban da fasinja, yana ɗaukar saƙo: cuku, maganin tari, rigar jariri. A ƙunsa, a rubuta kalma ɗaya a kai, amanet, wato amana, shi ke nan. Duk iyakar da ya je, ɗan kwastan na karanta ta ba tafinta.

"Larabawa suka haife ta, Turkawa suka goyo ta har nan," haka yake cika fasinjan gaba da surutu. "A Bukares ka gan ta a ƙofar shago, to jingina ake karɓa. Wajen Sabiyawa wasiyyar mamaci ce. Mu Albaniyawa kuwa cewa muke ƙasa ba ta cin ta." Ya kan ƙara da cewa bai taɓa ɓatar da ko allura ba. Ƙarya yake, Allah ya gafarta masa.

Shekarar da yaƙi ya taso, Milunka, tsohuwar Basabiya da katanga ɗaya ta raba gidajensu, ta zo tasha da ƙunshi a takardar siminti. An ɗauki ɗanta Slavoljub soja, yana Nish.

"Ɗana Shefki, sanyi ake a barikin nan. A hannunsa za ka sa."

"An gama, Inna."

A makon ne sojojin Sabiyawa suka ƙone ƙauyen yayan Shefki. Da bas ta tsaya a Nish, sai ga Slavoljub a guje, wanda Shefki da kansa ya koya wa keke, kunnuwa jajur don sanyi.

"Kawu, tsohuwa ta aiko da wani abu?"

Shefki bai ga fuskar ba, kakin ya gani. "Babu," ya ce, alhali dugadugansa na taɓa ƙunshin a ƙarƙashin kujera. Da ya dawo ya ce wa Milunka an karɓa, ana gaishe ta. Don murna har gasa masa burodi ta yi, shi kuma ya ci.

Bayan wata biyu aka kashe Slavoljub. Milunka ta bi 'yan gudun hijira, can ta rasu.

Ƙunshin ya zauna ƙarƙashin kujerar direba, da ya ajiye tuƙi ya koma ƙarƙashin gado. Bai taɓa buɗewa ba, ko da yake daga latsawa ya san safar ulu ce. Da rana tsaka, gida shiru, sai ya ji takardar tana motsi. Matarsa Fikrete ta ce ɓera ne.

"Ɓeran da shekara ashirin bai ci ko gefe ba?"

"To ko ka binne shi ko ka aure shi, ni dai na gaji da share kewayensa."

Ya gwada, ba wai bai gwada ba. Ya nemo Zorka, 'yar Milunka, a Nish, ya faɗa mata gaskiya duka a bakin ƙofa. Ta dubi rubutun uwarta, ta mayar da hannuwa baya.

"Sunana ka gani a kai? Kai wa mai shi."

Ya je maƙabarta, ya ɗora a kan kabarin Slavoljub, ya kai har bakin ƙofa. Sai ya juyo ya ɗauka. A hannu aka ce masa.

Bara likita ya sallamo shi gida ba magani, kowa ya gane. Ba mutuwar ce ke tsorata shi ba, tsoronsa a sa shi a rami ƙasar ta ƙi shi. Ran wata Laraba bayan azahar ya sa 'yarsa Teuta, malamar makaranta, ta jawo ƙunshin. Ta zauna bakin gado da shi a cinya, ya ba ta labarin tun daga tasha. Ta ga inda maganar ta dosa.

"Baba, don Allah kada ka faɗa. Mutumin ya mutu, wa zan kai wa?"

Hawaye na bin kuncinsa, don ya san abin da yake yi wa 'yar cikinsa. Ya kamo hannunta, ya danna a kan takardar.

"Amanet," ya ce.

Kafin la'asar ya cika. Ƙunshin yana gidan Teuta yanzu, saman kabad, kuma ta hana kowa taɓawa.